Ranar Da Dutsen Dala Ya Ba Ni Kunya

 Yau labarin wata tafiya na zo muku da shi. Tafiyar ba ta fitar da ni daga garin Kano ba, amma wallahi na ji ta a jikina fiye da duk wata doguwar tafiya da na taɓa yi a mota.

Ni haifaffiyar Kano ce, a nan aka yanke mini cibiya, a nan na yi karatu, a nan aka ɗaura mini aure. Amma kin san abin kunya? Sai da na cika shekara 25 a duniya ban taɓa taka Dutsen Dala ba. Ina dai hango shi ta cikin adaidaita sahu idan za mu gidan kakata, ja wur a saman rufin gidaje, in kawar da kai in ci gaba da danna waya. A ganina hawan Dala na baƙi ne da Turawa da 'yan firamare da malamansu ke kawowa.

Kafin in kai ki dutsen bari in gaya miki abin da ya kai ni.

Ina budurwa siririya ce ni, har a makaranta ana ce mini sillen kara. Da aka sa ranar bikina sai gwaggonnina suka sa ni a gaba, wai amarya ba ta shiga ɗakin miji ƙashi da rai, dole in ciko. Wata ƙawata ta raka ni wani kemis muka sayo ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe. Na kuwa sha, na kuwa fashe. Cikin wata biyu kumatuna suka yi suntum, kowa yana cewa amarya ta yi kyau. Sai daga baya na san cewa cikin ƙwayoyin akwai maganin mura da ƙaiƙayi mai buɗe ciki, akwai kuma wanda ake kira deksa, maganin da likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta shi, don yana kumbura fuska, yana tayar da suga da hawan jini. Ƙanwata, in kin ga ana miƙo miki wannan abu da sunan gyaran amarya, ki mayar da hannunki cikin hijabi.

Daga nan ciki ya zo, haihuwa ta zo, aka yi wankan jego, aka ɗura mini kunun kanwa da gasasshen nama har kwana arba'in. Na koma ɗakina a Rijiyar Zaki, gida mai famfo da gas, babu daka, babu jan guga, babu ko sharar tsakar gida mai yawa. Aikina in dafa, in ci, in kwanta ina kallon fim, lemon kwalba mai sanyi a gefena. Ni da na yi aure ina kilo 58, sai ga ni ina kilo 89 yaro bai cika shekara biyu ba.

Maigidan bai taɓa cewa komai ba, sai dai wani lokaci ya ce, "Hajiya babba, a ba mu hanya mu wuce." Mu yi dariya, in shiga ɗaki in tsaya gaban madubi. Abin da ya fi tayar mini da hankali ba madubin ba ne. Gwiwoyina ne suka fara ciwo, har ta kai idan na yi sujada sai na dafa bango nake miƙewa, wata rana ma a zaune na idar da sallar isha'i. Da na je asibiti nas ta auna ni sau biyu, ta dube ni ta ce jinina ya fara hawa. Ga mahaifiyarmu tana fama da ciwon suga shekara da shekaru, ina ganin yadda take auna loma kafin ta kai baki. A ranar kuka na yi a hanya har gida.

Kada ki ɗauka ban yi ƙoƙari ba. Na sayi shayin rage ƙiba mai tsada, na kwana uku ina zarya banɗaki, ashe yawancin irinsa filasko ne a ciki, ruwan jiki kawai yake zubarwa, kina sha ruwa nauyin ya dawo. Na sayi ɗamarar matse ciki, ta hana ni numfashi a gidan biki. Na yi wunin yunwa tun safe har magariba, da dare in share kwano biyu. Na tambayi kuɗin gidan motsa jiki na mata, da aka faɗa mini sai na ce Allah ya ba su ciniki.

A watan Oktoban 2023 aka tura maigidan kwas na sati shida, ya ce maimakon in zauna ni kaɗai in koma wajen Inna, kakata ta wajen uwa, a unguwar Yalwa da ke gindin Dala. Nan tafiyar ta fara.

Mai adaidaita ya sauke mu a bakin titi ya ce iyakarsa ke nan. Wanda bai san cikin birni ba ba zai gane ba. Lungunan nan an yi su ne tun zamanin jaki da ɗan dako, wani wurin idan kika buɗe hannuwa biyu sai ki taɓa katangar dama da ta hagu. Ga kwata tana bin tsakiya, ga awaki kwance a kan dakali, ga ƙamshin waina da ƙosai yana fitowa daga zaure, ga muryar almajirai suna biya allo. Tsofaffin soraye na ƙasa masu zankwaye suna nan jefi-jefi, amma bulo da kwano sun cinye yawancinsu. Daga titi zuwa ƙofar gidan Inna bai fi tafiyar minti biyar ba, amma da goyo a bayana da jaka a hannu sai da na tsaya sau biyu.

Inna tana zaune a tabarma tana tsince zogale. Ta haura shekara saba'in, amma har yau da ƙafa take zuwa gaisuwar mutuwa da barka duk faɗin unguwannin nan. Ta ɗago ta ƙare mini kallo ta ce, "Kishiya, ke ce kike haki haka kamar wadda kura ta biyo? Lallai na ƙwace mijin nan na gama."

Na ce, "Inna ba ni da lafiya ne, gwiwa ce."

Ta ce, "Zama ne ciwonki. Mu da muka yi daka muka yi surfe muka yi niƙa a dutse, wa ya taɓa jin mun ce gwiwa muna da ɗa ɗaya?"

Maganar ta yi mini zafi. Don haka washegari da sassafe na tashi Auta, 'yar kawuna da ke aji biyar a sakandare, na ce ta raka ni Dala, yau sai na nuna wa tsohuwar nan ni ba raguwa ba ce. Na zura silifas, ko ruwa ban ɗauka ba.

Daga ƙasa dutsen ba ya ba da tsoro. Ba irin duwatsun nan ba ne masu santsi, tudun jar ƙasa ne da marmara, ruwan sama ya zaizaye gefensa ya yi masa tsaga-tsaga, gidaje kuma sun matso har jikinsa. An yi masa matattakala ta siminti, guda 101 in ji masu ƙirgawa. Na ce a raina, ɗari da ɗaya kawai? Na kama hawa da sauri ina ƙirgawa da ƙarfi don Auta ta ji.

A ta ashirin na daina ƙirgawa da baki. A ta talatin ƙirjina ya fara bugawa kamar ana daka sakwara, cinyoyina suna rawa, idona yana ganin duhu-duhu. A ta 34 na zube a kan matattakalar, gumi sharkaf har cikin hijabi. Wasu yara 'yan talla suka wuce mu a guje da faranti a ka, ɗaya ya waiwayo ya ce, "Hajiya a kawo miki jaki ne?" Suka tuntsire da dariya. Auta tana ta yi mini fifita da gefen mayafinta tana cewa, "Yaya mu koma, don Allah mu koma." Da baya-baya na sauko ina dafa kafaɗarta. Kwana biyu ban iya tsugunawa ba. Inna ba ta ce uffan ba, man zafi kawai ta miƙo mini, shirun nata kuwa ya fi zagi ciwo.

Akwai wata maƙwabciyar Inna, nas ce da ta yi ritaya, duk unguwar Anti ake ce mata. Ita ta shigo duba ni. Da ta ji labari ta yi dariya har da tafa hannu, sannan ta ce, "Ke da ba ki yi rarrafe ba za ki fara da tsere? Dutsen nan ya fi shekara dubu a wurin, ba inda za shi. Gobe ki fita ki yi tafiyar minti goma a kan ƙasa shimfiɗaɗɗiya ki dawo. Shi ke nan."

Na ce, "Anti, minti goma me zai yi wa wannan jikin?"

Ta ce abin da zai yi shi ne jibi ma zan iya fita. Ta yi mini bayanin cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati, wato rabin awa sau biyar, yara da 'yan makaranta kuwa har zuwa shekara 17 awa guda kullum. Amma ba a rana ɗaya ake kaiwa can ba, ana ƙara minti biyar-biyar ne. Ta ce in yi saurin da zan iya yin magana amma ba zan iya rera waƙa ba, in na ji ciwon ƙirji ko jiri in tsaya nan take, kuma tunda jinina ya fara hawa ita za ta riƙa auna ni duk Juma'a. Ta hana ni silifas, ta sa Auta ta ara mini kambas ɗinta na makaranta.

A kan abinci abu ɗaya tak ta ce in bari, lemon kwalba. Ta ɗauko gwangwanin sukarin Inna ta auna cokalin shayi tara a cikin kofi ta ajiye a gabana, ta ce kusan abin da ke cikin ƙaramar kwalba ɗaya ke nan. Ni kuwa ina shan biyu, wata rana uku. Ta ce sauran abinci in ci abin da Inna ta dafa, sau uku a rana, kada in kuskura in yi wunin yunwa. Ta juya ga Auta ta ce, "Ke ma ki ji, na san ku 'yan makaranta da ƙin karin kumallo don a ce kuna da shafaffen ciki. Yarinyar da ke girma tana jinin al'ada, in ta hana kanta abinci jininta ne zai ƙare, karatun ma ya ƙi shiga."

Haka na fara. Kullum bayan sallar asuba, gari ya ɗan waye, in bar yaro wajen Inna, in sa hijabina da kambas, ni da Auta mu fita kafin ta yi shirin makaranta. Satin farko iyakarmu bakin titi mu dawo. Kunya ta ishe ni, ina ganin kamar kowa ni yake kallo. Ashe babu wanda ya damu. Mai shayi yana hura wuta, mai koko tana jera kofuna, 'yan garuwa suna tura kura, kowa da abin da ya fito da shi. Mace mai hijabi tana tafiya da safe ba abin kallo ba ce a cikin birni.

Sati na biyu muka fara kaiwa Ƙofar Mazugal, wani lokaci mu miƙe har Ƙofar Ruwa inda 'yan rodi da kayan gini suke buɗe shaguna. A nan na fara lura da abin da na shekara ina wucewa ban gani ba, wato ragowar badala. Auta da ke karanta tarihi ta ce Sarki Gijimasu ne ya fara gina ganuwar, shi da ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134. Na tsaya ina kallon ɗan guntun da ya rage, tudun ƙasa da ciyawa da leda, wani wurin an yanke an kafa shago. Mutane suka ɗebo ƙasa a ka, kwando-kwando, suka kewaye gari guda da ita, mu jikokinsu mun kasa ko hana ta rushewa. Abin ya tsaya mini a rai.

Ranar Asabar ta sati na uku Inna ta ce turarenta ya ƙare, in je Kurmi in sayo mata, kuma ba ta ba ni kuɗin mota ba. Tafiyar ta ɗauke ni kusan rabin awa ta cikin lunguna. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya hau mulki a 1463, a cikinta fataken da suka ƙetaro Sahara suke sauke kaya. Har yau in kin shiga rumfunan nan masu duhu za ki ji warin jima da ƙamshin turaren wuta sun haɗu, ga 'yan kwalli, ga masu duwatsun wuya, ga dukawa da jakunkuna da takalma, ga masu littattafan addini jibge har rufi. Na yi ta yawo ina taya abin da ba zan saya ba, sai da na fito na tuna ashe ban nemi wurin zama ba ko sau ɗaya.

To amma kada in yi miki ƙarya. A hanyar dawowa ta Jakara ƙamshin gurasa ya tare ni, mata suna ciro ta da zafinta daga tanderu. Na sayi bandashe, an barbaɗa ƙuli-ƙuli, an zuba mai da albasa da tumatir, na zauna a wani zaure na cinye biyu, na kora da lemo mai sanyi. Na dawo gida ina jin kamar na ɓata komai, har na ce gobe ba zan fita ba tunda na riga na karya. Inna ta ce, "Don kin yi tuntuɓe sai ki kwanta a hanya? Tashi ki ba ni turarena." Washegari na fita.

Abincin gidan Inna ba wani abin a zo a gani ba ne. Koko da ƙosai da safe, da rana dambu ko wake da shinkafa ko kwaɗon zogale, da dare tuwon dawa miyar kuka ko kuɓewa. Malmala ɗaya take sa mini ta cika kwanon da miya. Fura kuwa ba ta yarda a zuba mata sukari, wai an ɓata nono. Kwana goman farko bakina ya yi ta neman zaƙi har ciwon kai na yi, daga baya ruwan randa ya wadatar da ni.

Ranar Lahadi ta ƙarshen sati na biyar Anti da kanta ta ce mu je. Muka tafi mu uku da gorar ruwa. Ta ce in hau goma in tsaya in ja numfashi, kada in kalli sama, in kalli inda zan sa ƙafa. Da muka zo ta 34 na gane wurin da na zube, na taka shi na wuce. A ta sittin cinyoyina suka fara magana, na zauna na sha ruwa. A ta tamanin Auta ta riga mu ta ɓace. Ban san lokacin da matattakalar ta ƙare ba, sai ji na yi iska mai sanyi ta bugi fuskata.

Ƙanwata, gani ya kori ji. Saman Dala fili ne shimfiɗaɗɗe, tsayinsa mita 534 daga doron teku, daga nan kuwa Kano gaba ɗaya tana kwance a gabanki. Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, hazo bai sauko ba, don haka gari ya yi tas. Rufin kwano iya ganinki, masu tsatsa da masu ƙyalli, hayaƙin girkin safe yana tashi daga tsakar gidaje, shirwa tana shawagi a ƙasa da mu. Ga Goron Dutse can yana fuskantarmu kamar ɗan uwa. Ga hasumiyoyin babban masallacin Juma'a kusa da Gidan Rumfa. Can nesa jirgi ya ɗaga daga filin jirgin Malam Aminu Kano. Auta ta nuna mini wajen Kurmi, na bi hanyar da ido ina mamaki, wai duk wannan ni na taka da ƙafata.

A nan Kano ta fara. Tun wajen ƙarni na bakwai ake narkar da tama a gindin dutsen nan. Littafin tarihin Kano ya ce a kansa Barbushe ya zauna, babban bokan Tsumburbura, ƙaton da aka ce yana kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka, tun kafin zuwan Bagauda a shekarar 999. An ce sau biyu kawai yake saukowa a shekara. Na ce wa Anti, "Ni dai na gane dalilinsa, hawan ne ba ya son maimaitawa." Ta yi dariya har ta ƙware.

Abu ɗaya ya ɓata mini rai. Wurin da ya kamata a ce ana share shi ana alfahari da shi, sai ga leda da ƙazanta a gefe-gefe, ga zaizaya tana cin bakinsa, ga wasu samari a can lungu da ban yarda da zamansu ba. Don haka in za ki je, ki je da safe, ki sanar a gida, ki tafi da babba ko yayanki, kada ki kuma matsa bakin gaɓa don ɗaukar hoto.

Ranar Juma'ar ƙarshe Anti ta ɗora ni a sikeli, kilo 86. Uku kacal cikin sati shida. Na ɓata fuska, don ni na sa rai da goma. Ta ce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati shi ne saukar da ke ɗorewa, ta kuma nuna mini awon jinina da ya fara sauka. Ni ma na san wani abin da sikeli bai nuna ba, don tun sati na huɗu na daina dafa bango in na ɗago daga sujada.

Da maigidan ya zo ɗaukarmu na ce masa ina da roƙo, ya bar ni in riƙa fita tafiya da safe a unguwarmu. Ya yi shiru, ya ce shi dai ba ya son matarsa tana yawo a titi ita kaɗai. Inna ta leƙo daga ɗaki ta ce, "To angona, sai ka raka ta, kai ma ga tumbi nan ya fara gaisawa da mutane kafin ka iso." Yanzu tare muke fita bayan asuba, shi da yaro a kafaɗa, kuma a hanyar nan muke hirar da da ba ma samun lokacinta. Ranar da ruwa ya hana fita in share gidan tas in yi wanki da hannu. Akwai satin da na yi lalaci, akwai bikin da na sha lemo. Bayan shekara guda sikeli ya nuna 77.

Da sallar da ta wuce mun je gaishe da Inna. Ina shiga ta kama hannuna ta jujjuya ni ta ce, "Kishiya, ashe da wuya a jikinki?" Kafin in ba ta amsa ta miƙo mini kuɗi a ƙulle a leda, wai kwallinta ya ƙare, in je Kurmi. Na ƙirga, kuɗin kwalli ne cif, babu na mota.